Mutumin da Ba Ya Cin Kifi Sai Ya San Ruwansa

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, wani ya riga wani. Malam ya riga ni. Ina cikin takaba a hawa na goma sha ɗaya, a wata unguwa da ake kira Pantai Dalam a Kuala Lumpur, inda ɗana yake karatu. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Ina faɗa ne, surukata tana bugawa a na'urarta, in na yi kuka ta jira ni.

Gaisuwar mutuwarsa duk a waya aka yi ta, saboda kullen korona. Mutanen gida, na can Yawuri, kukansu na ji shi har cikin ƙashina. Ƙaninsa ya kira, ya yi sallama, ya ce, "Yanzu wa zai gaya mana inda ruwa zai kai bana?" Ya kashe wayar. Matan bakin ruwa da muka yi banda tare suka taru a kan waya ɗaya, kowacce tana ƙwace ta daga hannun 'yar'uwarta.

Gaisuwar mutanenmu na ƙasar nan ita ce ta hana ni sukuni. Hausawa ne 'yan'uwanmu, 'yan karatu da matansu, kuma sun yi ƙoƙari, ba na musu. Amma na lura da yadda suke jan kalma ɗaya. "Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa." Wannan yafe ɗin sai a ja shi, a danna shi. Wata matar malami ta ce mini, "Inna, ai tsufa ne, ba a riƙe tsoho da magana." Wata kuma ta ce, "Kin ga mai kaya kuwa, mai kawo mana kayan gida? Wanda Baba ya yi wa abin nan, shi ne fa ya tsaya a kan gawarsa. Kai, akwai 'yan Aljanna a duniya." Na ce haka ne, na gode. Na yi ta saurare, ban ji wanda ya ambaci Malam ya tsaya a kan Malam ba, sai ya gangara kan mai kaya.

To shi ya sa na ce a rubuta. Jikana zai girma a cikin mutanen nan ko 'ya'yansu. Ba na so ranar da ya tambayi wane ne kakansa a ce masa wani tsoho ne da ya zo ya yi wa bawan Allah ƙage, ya mutu, bawan Allahn ya binne shi.

Malam masunci ne, ɗan masunci. Ni kuma mai banda ce. Shi ya kamo, ni in gyara in kyafe, haka muka yi shekara arba'in da bakwai. In jirage suka dawo da hantsi, yakan tsaya ya dubi kifin yaran gidanmu, ya ɗaga karfasa ɗaya, ya buɗe kunnenta, ya ce, "Kun je ƙasan tsibiri, inda na hana." Su yi ta rantsuwa, daga baya a gane can suka je. Ya san kifin dutse da kifin taɓo tun kafin a fasa cikinsa.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni kunya a gidan biki. In aka ajiye masa miya da kifi, ba ya sa hannu sai ya tambaya, "Na wane ruwa ne?" In mai gidan ya ce a kasuwa aka saya, sai ya ture kifin gefe ya ci tuwonsa da romo. Mutane suna cewa izza ce. Ba izza ba ce. Tun yana saurayi wasu suka zuba maganin ƙwari a wani rafi, kifi ya taso, suka kwashe suka kai kasuwa. A gidansu aka sayi kifin aka ci. Ƙanwarsa tana da ciki wata shida, ta yi ɓari, ita ma da ƙyar ta sha. Kifin kuwa, in ji shi, kyakkyawa ne a ido. Tun daga ranar bai ƙara yarda da ido kaɗai ba.

Mun zo ƙasar nan ne don haihuwar surukata, da niyyar wata uku. Jirgin sama kuwa, ya kwana biyu yana fargabarsa kafin mu hau, amma da muka hau aka ba shi wurin taga, ya ga teku, bai ƙara waiwayo na ba. Can ya taɓa ni ya ce, "Ke, wannan ruwan duk ba shi da sarki?" Na ce ya tambayi Dakta in mun sauka. Haka yake kiran ɗan namu, Dakta, wani lokaci ya ƙara da "wanda ba a gama dafawa ba", don har yanzu bai kammala ba.

Makonnin farko ya ji daɗi. Akwai kasuwar safe kusa da mu, a ciki akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar mai sayar da kifi. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ranar farko ya ɗaga kunnen kifinta yana dubawa, ta buge masa hannu. Ya sake ɗagawa, ya nuna mata wanda ya kwana biyu a ƙanƙara, ya ware shi gefe. Ta dube shi, ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta jawo wani bokitin sabon kamu daga ƙarƙashin tebur. Daga nan suka zama abokai. In ya nuna kifi ya buɗe tafin hannu, wato daga ina, sai ta miƙa hannu yamma ko gabas, don ƙasar nan teku biyu ne suka sa ta a tsakiya. Takan ce masa "Boleh, Atuk," wato ya yiwu, kaka. Wata rana ya ga wuƙarta ta dakushe tana fama, ya karɓa ya zo da ita gida, ya wasa ta a gindin faranti har tana aske gashin hannu, ya mayar mata. Ya dawo da jatan lande cike da leda, yana faɗan wai ta raina shi, ta biya shi lada.

Sai cutar ta zo. Aka rufe hanya, jirage suka tsaya, wata ukunmu ya zama sai yadda Allah ya yi. Aka ce mutum ɗaya ne zai fita cefane a kowane gida, tsofaffi kuma su zauna. Aka daina ganin kifi da kansa da idonsa. Sai ledoji masu sanyi da masu babur suke kawowa ƙofa, farin nama a yanke, ba kai, ba fata, ba ƙaya.

Malam ya yi kwana huɗu bai taɓa shi ba. Ya ce, "Wannan ko kada aka yanka ba wanda zai sani."

Ɗana ya gaji, ya ɗauko leda ɗaya daga firij ya zauna kusa da shi. Ya ce, "Baba, tambayar nan taka ta wane ruwa, Turawa ma sun yi ta. Sun raba ruwan duniya kamar gonaki, kowane yanki da lambarsa. Ga ta nan." Ya nuna masa da yatsa. Malam bai iya haruffan boko ba, amma ya san lambobi saboda waya. Ya sa tabarau ya ce, "Saba'in da ɗaya."

"Tekun gabas ke nan, inda ƙawarka take nunawa da hannun dama."

"Ƙawar uwarka dai. Na yamma fa?"

"Hamsin da bakwai."

Ya sa aka kwaso duk abin da ke cikin firij aka baje a tabarma, surukata tana cewa, "Baba, zai narke fa." Ya ce ya narke. A ranar ya haddace su. Ashirin da bakwai, ruwan sanyi na ƙasar Turawa, inda kifin nan taitus yake fitowa. Talatin da huɗu, tekun da ke ƙasan Ikko, ya yi sama har can. Sifili da huɗu, koguna da tafkunan wannan nahiyar da muke zaune. Ya ce, "To namu fa? Kogin Kwara lamba nawa ne?" Ɗana ya duba waya ya ce sifili da ɗaya.

"Chadi fa?"

"Sifili da ɗaya."

"Kogin Binuwai?"

"Baba, duk ruwan daɗi na Afirka lamba ɗaya ne."

Malam ya cire tabarau. Ya ce, "Wato wanda ya yi wannan rabon bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Tsakanin gidanmu da tsibiri kaɗai ruwa iri uku ne." Ya yi fushi da wannan har la'asar, kamar ɗan namu ne ya raba.

Amma bai bar lambobin ba. Shi ne ya fara kama wani abu da ɗana bai lura ba. Wata leda ta zo, ɗana ya karanta ya ce daga wata ƙasa ce maƙwabciya. Malam ya ce, "Ƙarya ne, ashirin da bakwai na gani. Yaushe maƙwabtanku suka koma ƙasar sanyi?" Ɗana ya ƙara dubawa, ya ce a can nesa aka kama, aka kawo wa maƙwabtan, suka yanka suka sa a leda. Malam ya ce, "Ka gani ko? Sunan ƙasa na mai leda ne. Lamba ce ta kifi." Tun daga nan in leda ta zo ba lamba, kuma da yawa ba su da ita, sai ya ce a dafa wa masu ƙarfin hali. Mai lambar ma bai sake da ita duka ba. Ya taɓa tambaya, "Wa yake tsaye a kan mai jirgin lokacin da yake rubuta lambar?" Ɗana ya ce akwai ma'aikata masu dubawa. Ya ce, "Ka san su? Ka san iyayensu?" Duk da haka yana ci. Ya ce wanda ya rubuta ruwa a jikin kayansa aƙalla ya ba ka inda za ka kama shi.

Cikin kullen nan surukata ta haihu, namiji. Haihuwar ta zo da wuya, ta dawo gida ba ta iya cin komai. Abincin da ake yi mana tapau daga kedai, wato a ƙunso daga shago, ko warinsa ba ta so. Na dama kunun kanwa da abin da na samu, ta kurɓa ta ajiye. Nono ya ƙi zuwa sosai, yaro yana ta kuka. Ta rame har wuyanta ya fito.

A nan mai kaya ya shigo. Bahaushe ne da ke zaune a unguwar Danau Kota da iyalinsa, ya daɗe a ƙasar. Sana'arsa kawo kayan gida ta hannun matafiya, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, kilishi. Kowa ya san shi, kowa ya ci arzikinsa, shi yake tarbar sababbin zuwa. Ya sa sanarwa a gurup ɗin 'yan gida na waya cewa banda ta iso, tarwaɗar Yawuri. Ɗana ya sayi kwali guda. Na yi farfesu da ita. Surukata ta ji an ce Yawuri, ta tashi zaune, ta shanye kwano, ta ce a ƙara. Kwana uku nono ya sauko.

Malam bai ci ba. Ya zauna ya juye kwalin a tabarma, ya jera kifayen. Ya ce, "Dakta, zo ka gani. Kansu ɗaya. Tsawonsu ɗaya. Yaushe ƙugiyoyin mamari suka taɓa kamo kifi talatin kamar an auna su da igiya? Dubi kitsen cikin nan, wannan a kwance ya girma, ana zuba masa abinci. Ba ramin ƙugiya a bakin ko ɗaya." Sai ya juya kwalin, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a wani lungu. "Sifili da huɗu. Ruwan ƙasar nan. Kuma wane jirgi ne ya kawo ta, alhali mu an ce ba jirgin da zai mai da mu?"

Ɗana ya ce, "Haba Baba. Kwali ai kwali ne. Ku da kanku a kwalin sabulu kuke zuba banda a kai Onica, an taɓa cewa sabulu kuka kamo? Jirgin kaya kuma yana tashi, na mutane ne ya tsaya."

Gaskiya ne kuwa, a kwalin sabulu muke zubawa. Sai Malam ya juyo wurina. Ya ce, "Ke ce mai banda. Ni ɗanye na sani. Shinshina ki gaya masa, wannan hayaƙin itacenmu ne?"

Na ɗauka na kai hanci. Na ce, "Malam, hancina ya tsufa. Ban iya bambancewa ba."

Ƙarya na yi. Tun da aka buɗe kwalin a bakin ƙofa na sani. Bandarmu da ƙirya muke yin ta, ko giyayya, hayaƙinsu yana da ɗaci kaɗan, yana kama maƙogwaro. Wannan hayaƙin zaƙi gare shi, na ɓawon kwakwa ne. Kuma ba ta yi sati da sauka daga wuta ba, kifin da ya keto duniya ba ya zuwa da laushi haka. Na sani sarai. Amma yarinyar nan tana ɗaki tana ci, yaro ya fara ƙoshi, kuma na san in ta ji ba ta gida ba ce za ta ajiye cokali. Zan ƙara da wanda ya fi wannan nauyi. Ni ma ina so a ce ta Yawuri ce. In na sa ta a baki ina rufe ido.

Surukata ta daina bugawa a nan. Yau ta fara jin wannan. Ta ce, "Inna, da kin gaya mini." Na ce da na gaya miki da ba ki ci ba, rubuta.

Malam ya dube ni. Bai ce na yi ƙarya ba. Ya mayar da kifin cikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Washegari, ba tare da ya yi shawara da kowa ba, ya danna wayarsa ya yi magana a gurup. Na ji shi daga kicin. Ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce bandar nan tarwaɗar kiwo ce ta ƙasar nan, ba ta taɓa ganin Kwara ba, kifin ba shi da laifi, amma a daina sayar wa mutane sunan garinsu. Bai zagi kowa ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Mai kaya ya amsa da murya mai sanyi, ya ce Baba uba ne, ba zai yi jayayya da shi ba, Allah ya san gaskiya. Wannan sanyin ya fi zagi illa. Mutane suka hau. Wani ya ce tsoho bai yi wata shida a ƙasa ba ya fi kowa sanin ta. Wani ya ce yanzu kwali ne shaida? Wani yaro ya haɗa da Turancinsu, suka yi ta dariya, ɗana ya ƙi fassara mana. Shugaban ƙungiyarsu ya kira ɗana ya ce a ba Baba haƙuri ya janye, ana cikin annoba, ba lokacin tozarta mai neman abinci ba ne. Ɗana ya durƙusa gaban ubansa ya roƙe shi. Malam ya ce, "In na janye na ce me? Na ce ta Yawuri ce?" Ɗana ya cire shi daga gurup ɗin da hannunsa.

Ya ƙara fiye da shekara a duniya bayan wannan. Da aka sassauta kulle aka koma masallaci da tazara, ana gaishe shi, amma ba mai zama kusa da shi bayan sallah, kuma ba tazarar cuta ba ce. Tsohuwar kasuwa ba ta dawo teburinta ba, ba mu san abin da ya same ta ba, ya je sau uku yana tambaya da hannu. Yawancin yini yana baranda da jikansa a cinya, yana kallon jirgin ƙasan da ke wucewa a sama da titi, yana ƙirga masa sunayen kifi, giwan ruwa, ragon ruwa, ƙurungu, gargaza. Banda kuwa aka ci gaba da saye a wasu gidaje. A namu ba a ƙara kawowa ba. Tsakanina da shi ba mu ƙara tayar da zancen ba, sai rana ɗaya. Ina shafa masa man zafi a gwiwa, ya ce, "Hancin naki ya warke?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Madalla." Shi ke nan. Ina da damar in faɗa a ranar, ban faɗa ba.

Da cutar ta sake tasowa a shekara ta biyu, ta shigo gidanmu. Mu uku muka tashi, shi ta kwantar. Motar asibiti ta zo da mutane cikin fararen kaya har fuska. Ya fita da ƙafarsa, yana riƙe da bango, ya ce in kula da hularsa da ya wanke tana baranda kada iska ta ɗauke. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Kwana tara aka kira.

Ban ga gawarsa ba. Ma'aikata ne suka shirya shi, aka ce mutum kaɗan ne za su je maƙabarta, su tsaya daga nesa. Ɗana bai san hanya ba, bai san ofishin da za a bi ba, jikinsa ma bai gama dawowa ba. Mai kaya ne ya zo da motarsa ba a kira shi ba. Shi ya yi magana da mutanen asibiti da yarensu, shi ya bi takardu, shi ya tsaya a sahu. Ɗana ya ce a bakin kabari ma mutumin nan ne ya riƙe shi. Na yi ta juya abin a raina. Don Allah ya yi, ko don ya rufe bakin gidan nan har abada? Ban sani ba. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Ranar sadakar arba'in matar mai kaya ta kawo waina. Ta tsaya a ƙofa da takunkumi, na ce ta shigo kicin ta ajiye. Da ta wuce ta gabana na ji warin hayaƙin kwakwar nan a mayafinta. Na riƙe hannunta na juya. Gefen yatsunta ya yi ja-ja irin na mai juya kifi a kan ragar waya mai zafi. Hannuna haka yake shekara arba'in.

Na ce, "'Yata, ke kike yi?"

Ta ce, "Me, Inna?"

Na ce, "Kina barin wutar ta yi yawa da farko, shi ya sa fatar take fashewa."

Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce da jirage suka tsaya ba matafiyi, ba kaya, ga yara huɗu. Suka samo tarwaɗa wurin masu kiwo, wani mai shago ya ba su bayan shagonsa, ta haɗa ganga. Da farko sun ce ta nan ce, ba wanda ya saya, kowa yana cewa kifin ƙasar nan ba ɗanɗano. Da suka ce ta Yawuri ce, kwana biyu ta ƙare. Ta ce, "Inna, ki rufa mana asiri. Baban yara bai ƙara samun kwanciyar rai ba tun ranar da Baba ya yi magana."

Na ce asirin mijina fa, wa ya rufa masa? Na ce ta gaya wa mai gidanta ya danna waya ya faɗa da bakinsa a inda aka yi wa Malam dariya. Da murya, ba da rubutu ba, don in ji da kunnena. Na ba shi zuwa Juma'a.

Ranar Juma'a saƙo ya shigo. Ɗana ya kunna mini. Mai kaya ya yi wa Malam addu'a mai tsawo, mai kyau. Ya ce Baba mutum ne mai ilimin ruwa, irinsu sun yi ƙaranci, kuma shi ya yafe duk abin da ya faru. Na ce a sake kunnawa. Na saurara har ƙarshe sau uku. Ba kifi a ciki. Ya yafe, in ji shi. Mutane suka yi ta sa masa albarka a ƙasa.

Ɗana ya ce, "Inna, ki bar shi haka. Shi ya riƙe ni a maƙabarta."

Na ce na sani, kuma an rubuta, ba a rage ko kalma ba.

Ya ce, "Za a ce ba mu da godiya. Ni zan ci gaba da zama da mutanen nan."

Na ce, "Ubanka ya zauna da su shekara guda ba mai zama kusa da shi. Kai ka cire shi daga cikinsu, ni na ce hancina ya tsufa. Mu biyu muka bar shi shi kaɗai, ba mai kaya ba."

Ya tashi ya fita baranda. Bai ce a fasa rubutun ba.

To ga shaidata, ku da kuka yi mini gaisuwa. Ni matar Malam ce, na yi banda tun kafin a haifi mafi yawanku. Bandar da aka sayar muku tarwaɗar kiwo ce ta ƙasar nan, an kyafe ta da ɓawon kwakwa a cikin garin nan. Na san haka tun ranar farko, mijina ya tambaye ni a gaban ɗansa, na ɓoye. Lambar da ya gani a kwali gaskiya ta faɗa, shi ma gaskiya ya faɗa. Bai yi wa kowa ƙage ba. Wanda ya ja masa yafe a gaisuwa, ya mayar da ita kaina, ni ce mai buƙata.

Ban ce ku daina saye ba. Kifin lafiyayye ne, ya tayar da mai jego a gidana, matar da take yin sa tana da yara huɗu da hannu mai kyau, in na fita takaba zan je in nuna mata yadda ake rage wuta. Ku saya da sunansa. Mai kaya kuma, abin da ka yi wa gawar mijina Allah ya gani, ya biya ka, ina roƙa maka wannan da zuciya ɗaya. Amma ba kai za ka yafe masa ba.

Ya Allah, bawanka ya kwanta a ƙasar da bai san ruwanta ba, ba ƙaninsa a kansa, ba ni. Ka yalwata masa wurin, ka sanyaya shi, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka. Abin da na kasa roƙonsa yana raye, ka isar masa.

'Yata, karanta mini daga farko. In daidai ne, ki tura musu a gurup.